Wane Irin Fada Muke So?



Na san yawancin masu karatu a nan Musulmi ne, don haka bari in fara da warware kalma ɗaya. Fada da nake nufi ba fadar sarki ba ce, ba kuma faɗan dambe ba. Haka mu mabiya ɗarikar Katolika muke kiran limamin cocinmu. Shi ke jagorantar sujada, shi ke ɗaura aure, shi ake tasa da tsakar dare in wani ya kai gargara. Yau wata biyar ke nan cocinmu da ke ɓangaren arewa na garin Kaduna ba ta da nata Fada. Wanda ya shekara bakwai tare da mu an tura shi ƙaro karatu, har yanzu kuma ba a turo magajinsa ba.

Abokaina sukan ce: to ku nemo wani mana, ko sun yi ƙaranci ne? A nan tsarinmu ya bambanta da na wasu. Cocin Baftis da ke bayan layinmu su ma suna neman fasto a bana, amma su da kansu suke nema. Sun kafa kwamiti, suna gayyatar wanda suke so ya zo ya yi wa'azi su ji, daga baya jama'a su kaɗa ƙuri'a. A ECWA majalisar gunduma ce ke tura fasto. Mu kuwa, kamar Anglikan, naɗi yana hannun Bishop. Kundin dokokin cocin Katolika na 1983 ya ba shi wannan iko a sashe na 523. Sashe na 524 kuma ya ce kafin ya zaɓa zai ji ta bakin Fadan da ke shugabantar yankin, in ya ga ya dace ya saurari wasu limamai da mabiya. Wato muna da baki, ba mu da ƙuri'a. Nemanmu roƙo ne, sai kuma jira.

Ba a bar mu haka kawai ba. An ɗora wa Fadan wata coci riƙon tamu kafin a yi naɗi. Bawan Allah ne, yana iya ƙoƙarinsa, sai dai mutum ɗaya ba ya rabuwa biyu. Sai ya gama da jama'arsa yake zuwa wurinmu, saboda haka sujadarmu biyu ta Lahadi, ta Hausa da sassafe da ta Turanci da hantsi, aka haɗe su wuri guda. Daga kudu ya zo, Hausarsa ba ta wuce ta gaisuwa da cefane ba. Yakan yi wa'azi da Turanci, katikis ya taƙaita shi da Hausa cikin minti biyar. Katikis na iya koyar da yara, ya jagoranci addu'a, ya raka gawa makwanci. Amma ba ya tsarkake Jibin Ubangiji, ba ya jin ikirarin zunubi, ba ya shafa wa majiyyaci mai. Waɗannan aikin Fada ne shi kaɗai.

Kakata ce ta sa na gane nauyin abin. Daga ƙasar Zangon Kataf ta zo Kaduna tana amarya, kakana yana masinja a wata ma'aikatar gwamnati. Harshen da ta tsotsa na Katab ne, amma da Hausa ta koyi addu'a, da ita take ciniki, da ita take yi mana faɗa. Turanci kuwa ko na rantsuwa ba ta ji. Tun tafiyar Fadanmu ba ta je ikirari ba. Na ce mata ai ana iya samo wanda zai fassara. Ta dube ni ta ce, “Jikanya, zunubi ba a faɗarsa ta bakin tafinta.” Ta haura tamanin, ƙafa ta fara gaza mata. Abin da take tsoro, in ranar ta zo, a tsaya a kanta ana addu'a da harshen da ba ta san inda za ta ce amin ba.

Irinta suna da yawa a cikinmu, kuma akwai dalili. Bayan rikicin Shari'a na 2000 da na gasar sarauniyar kyau na 2002, garin Kaduna ya rabu kusan bisa layin kogi. Kiristoci da dama suka sayar da gidaje suka koma Sabon Tasha, Television, Narayi da Unguwar Romi, Musulmi da dama su ma suka tsallako zuwa Tudun Wada da Rigasa. Ni ban san wancan garin na dā ba sai a bakin manya. Abin da na tashi na gani shi ne benci masu yawa, mutane kaɗan. Waɗanda suka rage a cocinmu su ne tsofaffin da suka ce ba inda za su, da 'yan kasuwa Ibo masu shaguna a kusa, da iyalan 'yan sanda da sojoji da ake sauya wa wurin aiki kullum, da ɗalibai. Akwai Bajju, Katab, Jaba, Kadara, Gwari, Tibi, Idoma. In ka cire Hausa daga tsakanin tsofaffin nan, ka cire igiyar da ta ɗaure damin. Kuma ba yau aka fara bauta da Hausa ba. Tun 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da ita, babban taron Vatican kuma a 1963 ya buɗe wa harsunan jama'a ƙofa a cikin sujadar da a dā ake yi da Latin.

A wata na uku majalisar ikilisiya ta kira taro bayan sujada, aka yanke shawarar a rubuta wa Bishop wasiƙa a faɗi irin makiyayin da muke buƙata. Shugaban majalisar ya nuno ni ya ce, “'Yata, an ce kina cikin ƙungiyar marubuta. Ɗauki biro.” Haka na zama magatakarda ba shiri.

Ranar na ga yadda mutum ɗari suke neman mutum ɗari a jikin mutum ɗaya. Zumuntar Mata suka ce suna son wanda zai riƙa zagaya marasa lafiya da gwauraye, ba sai an aika masa sau uku ba. 'Yan kasuwa suka ce wanda zai kammala ginin zauren taro, ya kuma riƙa karanta lissafin baiko a fili kowane wata. Matasa suka ce a turo mai jini a jika, wanda ya san zafin zama da takardar difloma a cikin akwati. Mawaƙa suka ce wanda ba zai hana ganga da shantu ba. Sai wani dattijo ya tashi ya ce shi maganarsa gajera ce, a turo mana ɗanmu. Wurin ya ɗauki guna-guni, don kowa ya san ɗan wane yanki yake nufi. Katikis, wanda ya ga zuwa da tafiyar limamai shida, ya ce masa, “Baba, a ɗakin nan akwai ƙabila ta fi goma. In aka turo ɗan ɗaya, sauran tara su zama agola ke nan?” Aka yi dariya, amma maganar ta zauna.

Akwai buƙatar da ban taɓa tunanin za ta fito ba, ta kuwa fito daga bakin wani tsohon tela. Ya ce a rubuta cewa muna son Fada mai gaisuwa. Ya ce katangar cocin nan ba ita ke tsare ta ba, maƙwabta ne. Wanda ya tafi yakan je gaisuwar Sallah gidan mai unguwa, yakan tsaya ya yi wa limamin masallacin layinmu ta'aziyya in an yi rashi, in za a yi taron dare yakan aika a sanar da su tun da wuri saboda lasifika. Lokutan da gari ya ɗauki zafi, waɗannan maƙwabtan ne suke fara bugo waya su ce a rufe ƙofa, ko su zauna a bakin layi su hana baƙin fuska shiga. Tela ya ce in aka turo wanda zai shigo da mota gilashi a rufe ya fita gilashi a rufe, abin da aka shekara ashirin ana ɗinkawa zai warware a wata shida. Ba wanda ya yi masa musu.

Daga nan wata mama da ba ta cika magana ba ta ɗaga hannu. Ta ce tun ɗazu muna lissafa abin da zai ba mu, shi kuma me za mu ba shi? Ta ce ɗan wata ne fa, uwa ce ta haife shi ta sallama. Kowa ya yi shiru, domin mun san abin da take nufi. A watan Janairu na 2020 'yan bindiga suka shiga makarantar horar da limamai ta Good Shepherd da ke hanyar Abuja suka kwashi ɗalibai huɗu, suka kashe ɗaya, Michael Nnadi, yana da shekara 18. A watan Maris na 2022 aka ɗauke Fada Joseph Aketeh Bako daga gidansa a Kudenda, ya rasu a hannunsu. A watan Yuni na shekarar aka kashe Fada Vitus Borogo a Kujama, a watan Yuli kuma Fada John Mark Cheitnum na yankin Kafanchan. Kafin a naɗa mutum Fada sai ya yi kusan shekara tara yana karatun falsafa da tauhidi. Ba a samar da su da sauri, ga cocin ƙauyuka da yawa da katikis kaɗai ke riƙe da su. Mu kuwa katangar gidan Fadanmu yaro ma zai iya haurawa, maigadi yana bin mu albashin wata biyu, rijiyar gidan ta ƙafe tun bazara. Maman ta ce mai neman baƙo ya fara share ɗaki.

Na koma gida da shafi bakwai na abin da aka faɗa, aka ce in mayar da shi shafi ɗaya. A nan ne abin ya shafe mu a matsayin masu koyon rubutu. Na saba rubuta abin da ke raina, in ga dama in tsawaita, in ga dama in yi ado. Wannan karon bakin mutane aka ba ni aro, kuma wanda zai karanta ba dole ne ya bi abin da muka ce ba. Duk inda “dole” ta shigo sai na cire ta, don ba a yi wa mai iko umarni a cikin roƙo. Amma na ƙi yarda kalmomin ladabi su yi yawa har su binne buƙatar. Na cire sunan kowace ƙabila. Na cire duk jimlar da za a iya karantawa a matsayin suka ga wanda ya tafi ko wanda ke riƙo. Jerin buƙatu kuma ya zama abin jayayya, domin abin da ka sa a farko shi ne ka ce ya fi. 'Yan kasuwa sun so gini ya zo farko. Na ce musu gini zai iya jiran shekara, tsohuwa mai shekara tamanin ba ta da wannan tabbacin. Suka amince. Don haka na farko: mai jin Hausa har ya iya jin ikirari da wa'azi da ita. Na biyu: mai zumunci da maƙwabta. Na uku: mai ziyara. Na huɗu: mai buɗe littafin kuɗi ga kwamitin kuɗi da jama'a. Sakin layi na ƙarshe kuma alkawuranmu ne: katanga, albashin maigadi, ruwa, da abincin gidan Fada.

Na rubuta ta da Turanci saboda ofis, na sake rubuta ta da Hausa saboda masu ita. Ranar Lahadi aka karanta duka biyun a gaban jama'a kafin a sa hannu. Da aka zo kan buƙata ta farko na hango tsofaffin benci na gaba suna gyaɗa kai. Dattijon nan mai neman ɗanmu shi ne na uku a sa hannu.

Ƙawata ta Baftis takan ce tana tausayinmu, mutane su zauna sai abin da aka turo musu. Ni kuma nakan ga yadda ƙuri'a ta raba nasu gida biyu, har wasu sun daina gaisawa saboda ɗan takara. Kowane tsari da inda yake matsa wa masu shi. Namu yana hana mu yaƙin neman zaɓe, amma yana iya koya wa mutum naɗe hannu ya ce ba ruwansa. Wasiƙar nan aƙalla ta sa mun zauna mun ji juna, abin da ba mu taɓa yi ba lokacin da muke da wanda zai yanke mana komai.

An kai ta hannun Fadan da ke shugabantar yankinmu, an kuma aiko mana cewa ta isa. Ba mu san wanda za a turo ba, ba mu san ranar ba. Kafin nan matasa sun ƙara layi huɗu na bulo a kan katanga, Zumuntar Mata sun biya maigadi bashinsa daga adashinsu, katikis kuma ya buɗe addu'ar Hausa kowace Laraba da yamma, inda nake karanta wa tsofaffi karatun mako.

Ina so in ji daga gare ku, musamman waɗanda masallacin unguwarsu ko cocinsu ya taɓa zama ba limami: yaya kuka yi, wa ya yi magana, wa aka saurara?