Takalmin Hawan Dutsen Kagoro

Wani malamin makaranta da aka yi wa canjin wurin aiki daga Kano zuwa Kafanchan ya daɗe yana hangen Dutsen Kagoro, yana ƙudurin wata rana sai ya hau. Abokan aikinsa suka ce ya bari sai rani, lokacin bikin Afan da ake yi ran 1 ga Janairu kowace shekara, sa'ad da hanya ta bushe. Ya ƙi, ya ce cikin Agusta zai hau.

Ana gobe zai tafi ya shiga kasuwa da sassafe, ya sayi takalmin fata mai wuya. Ya gwada ba safa, ya ji ya kama ƙafa cif, ya biya.

Hawa ya yi daɗi. Da rana ta yi tsaka ƙafa ta kumbura, dunduniya ta yi bororo. Can ruwa ya goce, fata ta jiƙe sharkaf ta yi nauyi. Wajen gangarowa yatsunsa suka riƙa dukan bakin takalmin, har ya taka gansakuka santsi ya kwashe shi, ya gurɗe a idon sawu.

Wani dattijo mai saukowa daga gona ya tarar da shi zaune. Ya dubi ƙafar ya ce, "Malam, yaushe ka sayi wannan?"

Ya ce, "Jiya, Baba."

Dattijo ya girgiza kai ya ce, "Sabon takalmi ba ya hawan dutse."

Shi ya dafa masa har ƙasa. A hanya ya gaya masa da yamma ake gwajin takalmi, bayan ƙafa ta buɗe, da safa mai kauri, a bar fili kamar faɗin babban yatsa a gaba saboda gangara. Sai a yi makonni ana yawo da shi ya yi laushi, a shafe fatar da kakin zuma, musamman wajen ɗinki. In ya jiƙe a shanya a inuwa, don wuta tana tsattsaga fata.

Su ma Turawa da wahala suka koyi wannan. A 1935 abokan wani mutumin Italiya, Vitale Bramani, su shida suka halaka a duwatsun ƙasarsu, aka ɗora wani laifin a kan takalmansu. A 1937 ya fito da gindin roba mai haƙora, watau Vibram. A 1969 kuma Bob Gore na Amurka ya gano abin da ya zama Gore-Tex, mai tare ruwa ya bar zufa ta fita.

Mako uku malamin ya yi yana ɗingishi zuwa aji. Takalmin bai yar ba. Ya ba baduku ya buɗa shi, ya yi ta shafa masa kaki. Da Janairu ta zo ya sake hawa, ya sauko da ƙafarsa lafiya lau, ya nemi gidan dattijon ya kai masa goro.