Briqueterie: Injin Da Ka Bari A Ɗaki Ma Yana Da Haƙƙi A Kanka

Duk Bahaushen da ya sauka a Yawunde yana neman inda zai ji harshen gida, ba sai ya yi doguwar tambaya ba. Ya tsayar da ɗaya daga cikin tasi masu launin rawaya, ya ce "Brik" kawai, direba ya gane. Unguwar Briqueterie tana cikin gundumar Yawunde ta biyu, kasuwar Mokolo na kusa da ita, Tsinga na sama da ita, babban ɗakin wasannin da Sinawa suka gina aka buɗe a 2009 kuma yana daga gindinta. Kana shiga babban titin unguwar za ka ga shagunan shadda da atamfa a jere, teloli sun sunkuya kan kekuna, masu turare da hula da carbi sun baza kaya. La'asar na yi hayaƙin tsire ya turnuƙe, mutanen gari na kowace ƙabila su fara gangarowa cin abin da suke kira soya.

Sunan unguwar Faransanci ne, ma'anarsa wurin da ake yin bulo na jar ƙasa, saboda masana'antar bulo da aka yi a wurin tun zamanin Jamusawa. Ewondo, masu garin na asali, Ekoudou suke ce mata. Hausawa kuwa sun riski Yawunde tun Jamusawan ba su tafi ba, wato kafin 1916, sun biyo hanyar fatauci daga Adamawa ta Tibati da Yoko. Yau za ka tarar da jikokinsu da tattaɓa-kunnensu, ga kuma baƙin da ba su daina zuwa ba daga Garwa, Marwa, Kano, Maraɗi da Damagaram. Akwai Fulani, Barebari, Bamun, har da mutanen Mali da Senegal. Babban masallacin unguwar kan cika ya tumbatsa har titi ranar Juma'a.

In ka bar kallo ka kasa kunne, wani abu za ka ji. Unguwar nan da inji take numfashi. A bayan shagon tela akwai ƙaramin janareta da ke jiran a ɗauke wuta. A bakin lungu wata baiwar Allah na da injin markaɗe mai amfani da fetur, yara sun yi layi da bokitan wake da tattasai. Mai sayar da ruwan sanyi da zoɓo ya dogara da firiza, firizar kuma ta dogara da janareta. Ga babura, na haya da na kai. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan jari ne, wani ma shi ne dukan abin da mai shi ya mallaka a ƙasar Kamaru.

Sai dai inji ba kullum yake aiki ba, kuma a nan maganar take. Yawunde ba kamar Kano ba ce da ake da rani ɗaya da damina ɗaya. Damina biyu gare ta: ta farko daga Maris zuwa Yuni, ta biyu daga Satumba zuwa Nuwamba, Oktoba ne ma ya fi kowane wata ruwa. Wutar lantarkin kudancin ƙasar kuwa mafi yawanta daga kogin Sanaga take fitowa, daga madatsun Edea da Song Loulou, sai kuma sabuwar ta Nachtigal mai ƙarfin megawat 420. An gina madatsar Lom Pangar don ta riƙa tare ruwan damina tana sako shi da rani, amma duk da haka watannin da ruwa ke ja da baya, daga Janairu zuwa Maris, su ne aka fi sanin su da ɗauke wuta. A lokacin janareta ke shan wahala. Da ruwa ya sauka wuta ta ɗan daidaita, sai a tura shi ƙarƙashin teburi a manta da shi, daidai lokacin da iska ta fi laima, bango na zufa, takalmin fata na yin fumfuna a cikin kwana kaɗan.

Ga kuma tafiya. Ɗan kasuwar Briqueterie ƙafarsa ɗaya a nan take, ɗaya a gida. Azumi ya yi nisa, ko Babbar Sallah ta matso, ko kujerar Makka ta samu, sai ka ga tashar jirgin ƙasa ta cika da ƙunshin tsaraba. Jirgin Ngaundare da yamma yake tashi, a kwana ana tafiya fiye da kilomita 600, daga can a hau mota zuwa Garwa, wasu su tsallaka Yola, wasu su miƙe har Kano. Wanda ya ce sati uku zai yi, sai ga biki, sai ga rasuwa, sai ga gona na neman hannu. Kafin ya waiwayo wata uku sun shuɗe. Shago ya sa masa kwaɗo biyu, kaya ya ƙirga su, bashi ya rubuta. Injin kuwa yadda aka kashe shi daren ƙarshe haka aka bar shi, da rabin tankin fetur a cikinsa.

Je ka wurin makanikan unguwar mako guda bayan Sallah ka ga ikon Allah. Janaretoci a jere kamar marasa lafiya a layin asibiti. Maganar da za ka ji kusan iri ɗaya ce:

"Wallahi lafiyarsa ƙalau na bar shi. Ko taɓa shi ba a yi ba."

"Ai Alhaji rashin taɓawar ce ta kashe shi."

Gaskiyar makaniken ke nan. Fetur ba ruwa ba ne da za a ajiye a dawo a same shi yadda yake. Wata ɗaya zuwa biyu ya isa ya fara lalacewa, musamman inda ake zafi. Ɓangarensa mai saurin kama wuta yakan bi iska, abin da ya rage ya yi duhu, ya yi wari kamar tsohon fenti, ya bar danƙo irin na ƙaro. A cikin kafireto akwai ƙofofin da mai ke bi waɗanda ba su fi kafar allura ba. Danƙon nan na toshe su, sai ka ja igiya har kafaɗa ta sage inji bai ce uffan ba. Tankin ƙarfe da aka bari rabi kuwa, laimar dare kan taru a jikinsa ta ciki ta zama ɗigon ruwa, ruwan ya kwanta a ƙasa, tsatsa ta fara ci. Ɓera ya samu wayoyi ya gwada haƙori, zanzaro ya samu bakin salansa ya yi gininsa.

Wannan ciwon ba namu ba ne mu kaɗai. A ƙasashen sanyi irin su Kanada, Finlan da jihar Minnesota ta Amurka, tafkuna kan daskare da hunturu har mota ta hau kai. Masunta na da wani inji mai dogon ƙarfe murɗaɗɗe, da wuƙaƙe a bakinsa, wanda suke huda ƙanƙara da shi, rami mai faɗin inci 8 ko 10, su zura ƙugiya su kama kifi. Wata uku ko huɗu yake aiki, sauran shekarar yana rataye. Da yake sun san ranar ajiya za ta zo, sai suka mayar da ita aiki mai zaman kansa: a zubar da man ko a zuba masa maganin da ke hana shi lalacewa, a tsane wuƙaƙen a shafa musu mai a rufe su, a ajiye injin inda ruwa ba ya kai wa. Manoman rani na Kadawa da Kura, waɗanda ke shan ruwan madatsar Tiga, su ma masu lura daga cikinsu haka suke yi wa injin ban ruwa in damina ta faɗi. Ƙanƙara da fadama sun yi nisa da juna, amma kafireto ɗaya ne, kuma abin da ke toshe shi ɗaya ne.

To, me mutum zai yi kafin ya kama hanyar tasha? Aikin bai kai awa guda ba.

Fara da mai. Fitar da injin waje, nesa da murhun masu tsire da gawayin masu shayi, ka bar shi ya huce. Juye fetur ɗin tanki cikin jarka, ka zuba wa babur ko ka ba maƙwabci. Da yake litar fetur ta kai sefa 840 a ƙarin Fabrairun 2024, ba abin zubarwa a kwata ba ne, balle kwatar da yara ke wasa a bakinta. Sannan ka tayar da injin ka bar shi ya shanye ɗan abin da ya saura har ya mutu da kansa. A ƙarƙashin kafireto akwai ɗan noti, kwance shi ragowar ta tsiyaye, ka mayar ka ɗaure. Masu ƙaramin janaretan nan da ake haɗa masa fetur da baƙin mai a tanki ɗaya, su ma kada su bar haɗin ya kwana wata da watanni. Akwai masu cewa a cika tanki fal a zuba maganin adana mai don kada tsatsa ta samu wuri. Dabara ce mai kyau ga wanda ke da rumfa a keɓe. A Briqueterie kuwa, inda ɗaki ke jingine da ɗaki, katako da kwano a haɗe, lungu ba ya ɗaukar motar kashe gobara, barin tanki cike da fetur a ɗakin da aka kulle wata uku ganganci ne. Gara a juye, a ɗan zuba baƙin mai kaɗan a cikin tankin ƙarfen a jujjuya ya shafi jikinsa.

Sai baƙin mai. In injin mai wurin zuba baƙin mai daban ne, canza shi tun yana da ɗumi, domin tsohon mai na ɗauke da dattin da ke cin ƙarfe in ya daɗe a kwance. Daga nan ka kwance fulogi, ka zuba sabon mai kamar ƙaramin cokali ɗaya a ramin, ka ja igiya a hankali sau uku ko huɗu don ya zagaye ciki, ka mayar da fulogin. Ka sake jan igiyar sannu sannu har ka ji ta yi tauri, ka sake ta a nan. A wannan matsayin ƙofofin cikin injin a rufe suke, laima ba ta da hanyar shiga.

In mai batir ne, cire wayar baƙin kai tukuna, sannan ja, ka ajiye batirin a busasshen wuri, a riƙa yi masa caji wata wata. Babur a ɗora shi kan tsayuwar tsakiya, a shafa wa sarƙa mai. Injin markaɗe a kwance bakinsa, a wanke, a shanya ya bushe sarai, a shafa wa faifan niƙan man gyaɗa tunda abinci ke bi ta nan. Injin jan ruwa a buɗe ƙasansa ruwan ciki ya fita duka.

Wurin ajiya ma abin dubawa ne. Yawunde gari ne na tuddai, ruwan Oktoba in ya sauko daga sama, gidajen gangare ne ke karɓarsa. Kada a bar inji a kan siminti. A ɗora shi kan katako ko bulo biyu. A toshe bakin salansa da tsumma, amma a ɗaura wani ƙyalle a jikin igiyar don a tuna a cire. A rufe shi da tsohon zane ko buhun algarara. Leda da tamfol suna riƙe gumi, sai ka buɗe ka tarar tsatsar da kake gudu ta riga ka.

Wannan magana ta shafi iyayen gida ƙwarai, domin sau da yawa maigida ne ke tafiya, Hajiya da yara su ke zama da injin. In an ɗauke wuta da dare, ruwa na zuba, ɓarayi kuma ana tsoronsu, zuciya kan raya wa mutum ya shigo da janareta cikin zaure ko baranda ya rufe ƙofa. Kada a kuskura. A cikin hayaƙinsa akwai iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, tana sa barci mai nauyi, kuma ta sha hallaka gida guda a dare ɗaya a ƙasashenmu. A waje ake tayar da shi, nesa da taga. Kada kuma a ƙara masa mai yana aiki ko yana da zafi.

Wanda ba ya son ya juye mai ya rufe, yana da wata hanyar: ya bar injin a hannun wani. A unguwar nan ajiya tsohuwar al'ada ce, da ita fatauci ya rayu tun zamanin ayari, mutum ya bar kayansa wurin mai masauki ya yi shekara ya dawo ya same su. Amma ajiyar inji ta bambanta da ajiyar bandir ɗin shadda. Shadda so take a ƙyale ta. Inji kuwa in akwai mai a cikinsa, so yake a tayar da shi duk sati biyu zuwa wata, ya yi minti 15 yana jan fanka ko ƙwan fitila, a kuma riƙa sabunta masa mai. Don haka in za ka ba yaron shago ko maƙwabci, faɗa masa dalla dalla abin da kake so, ka bar masa kuɗin lita biyu ko uku, ku kuma yi magana a gaban shaida ko an yarda ya yi aikinsa da shi ko ba a yarda ba. Zumunci da yawa ya yi tsami a kan "ai aro na ɗan ba wani", alhali da an yi maganar tun farko da ba a kai ga haka ba.

Lissafin a bayyane yake. Tela da ya dawo ana saura kwana goma bikin da ya karɓi ɗinkinsa, wuta ta ɗauke, janareta ya ƙi tashi, ba kuɗin wankin kafireto kaɗai zai biya ba. Zai rasa kwana biyu a layin makaniki, mai kaya kuma ba zai sake kawo masa ba. Duk wannan a kan aikin da bai fi tsakanin la'asar da magariba ba.

Saboda haka ɗan'uwa, ranar da ka yanki tikitin Ngaundare, cikin abubuwan da za ka yi sallama da su ka sa har da injin da ke bayan shago. Allah ya kai mu lafiya, ya dawo da mu lafiya, ya sa mu tarar da abin da muka bari yadda muke so.