Ɗafa-ƙeya: daga Esperanto zuwa Damagaranci

Tun da na fara koyar da nahawu a Damagaram nake sha'awar harsunan da mutum ɗaya ya zauna ya ƙaga. Mafi shahara a cikinsu shi ne Esperanto, wanda likitan ido Zamenhof ya fitar a birnin Warso a 1887. Dabararsa ita ce a taƙaita saiwoyin kalmomi, a bar wa ɗafi sauran aiki. Daga lerni, wato koyo, ɗafa-ƙeyar -ejo ta ba da lernejo, makaranta. Daga kudri, ɗinki, -ilo ta ba da kudrilo, allura, -isto kuma kudristo, tela. Wuri, kayan aiki, mai sana'a: kowane da ɗafinsa.

Abin da ya ja hankalina shi ne, wannan tsari da ake yabawa muna da irinsa a bakinmu tun kaka da kakanni. Zindar gari ne na fata: daga jima muka sami majemi da majema, daga baduku, dukawa da dukanci. Wannan -anci ita ce a Turanci da Faransanci, ita ce kuma a Damagaranci, bakin da aka rene ni da shi. Har sarautun da fadar Damagaram ta gada daga Barno, kamar Galadima da Ciroma, ɗauke suke da -ma ta Barebari, mai nuna ma'abucin abu. Bahaushe ya sa ma- a goshi, Babarbare ya sa ta a ƙeya.

Gaskiya ne namu ɗafin ba ya tafiya salin-alin kamar na Zamenhof: yana sauya karin sauti, yana ƙin wasu saiwoyi. Amma wannan alamar harshe ce mai rai, wanda kasuwa da fada da tsangaya suka daɗe suna sassaƙawa.

A 2025 aka ayyana Hausa harshen ƙasa a Nijar, nauyin samar da kalmomin lissafi da kimiyya kuwa a wuyan malamai da ƙungiyoyin al'adu zai sauka. Abin da nake gudu shi ne mu kwaso Faransanci ɗanye mu cika littattafan yara da shi. Kafin mu ari kalma, mu fara gwada saiwarmu da ɗafinmu, sa'an nan mu kai sabuwar kalmar kasuwar Dole mu ji ko baki zai karɓe ta.