Faci da Tahamisi: Inda Na Tsaya a Gyaran Wasan PES

Kamfanin Konami na ƙasar Japan ya daina fitar da wasan ƙwallon ƙafa na PES a na'urar PlayStation 2 da ƙaramar PSP tun daga PES 2014. Duk da haka, wanda ya leƙa shagunan gem na Mabera ko Runjin Sambo zai tarar da yara suna fafatawa a tsohuwar PS2, ga Victor Osimhen cikin rigar Galatasaray, ga Mbappé a Real Madrid. Haka abin yake a wayoyin hannu, ta manhajar PPSSPP wadda Henrik Rydgård ɗan ƙasar Sweden ya fara fitarwa a 2012. Konami ba ta da hannu a wannan sabuntawa. Wasu mutane ne a Indonesiya da Brazil da Masar da sauran wurare suke buɗe cikin tsohon wasan, su sauya sunaye da riguna da fuskoki, su sake rufe shi. Masu harkar suna ce wa sakamakon faci, kalmar da muka saba ji a bakin mai gyaran taya, kuma ta dace da aikin: jikin tsoho ne, abin da aka liƙa masa ne sabo.

Ina cikin masu wannan liƙe-liƙe shekara shida ke nan, a 'yan sa'o'in da aikin jarida yake rage mini. Shekara ɗaya da rabi da ta wuce hannuna ya daina ƙaruwa. Ina buɗe kwamfuta, ina yin aiki, amma jiya i yau. Na rubuta wannan ne domin in fayyace wa kaina da mai karatu yadda wannan tsayawa take, domin ina zaton duk wanda ya koyi wata sana'a shi kaɗai ta intanet zai gane ta.

Hawa uku

Aikin faci hawa uku ne. Na farko yana cikin wasan kansa, a sashen da Konami ta bari a buɗe: ka canza sunan ɗan wasa, ka ɗauke shi daga wannan ƙungiya zuwa waccan, ka ƙara masa gudu ko ka rage. Duk yaron da ya yi mako biyu yana latse-latse zai iya.

Hawa na biyu shi ne sauya hotuna. Rigar ɗan wasa a cikin gem hoto ne shimfiɗaɗɗe, kamar yadin da tela ya yanka bai ɗinka ba, sai injin wasan ya naɗe shi a jikin ɗan wasan. Waɗannan hotuna suna ƙunshe cikin manyan fayiloli masu kama da akwati. A zamanin PES 6 na 2006 akwatin sunansa AFS, daga baya aka koma CPK. Kana buƙatar manhajar da za ta buɗe akwatin, ka ciro hoton, ka zana naka da girma ɗaya da tsari ɗaya, ka mayar. A PES 2021 na kwamfuta akwai wata manhaja mai suna Sider da take sauƙaƙa wannan, domin tana sa wasan ya ɗauko fayilinka daga wata folda ba tare da an taɓa akwatin ba.

A wannan hawa na fi daɗewa, kuma a nan na samu farin cikina. Ƙungiyoyin gasar cikin gida ta Najeriya ba sa zuwa a cikin PES. Kano Pillars ta ci kofin gasar sau huɗu, a 2008 da 2012 da 2013 da 2014, amma babu ita. Ballantana Sokoto United. Na zauna na zana rigunansu da tambarinsu, da na Katsina United da El-Kanemi Warriors da Wikki Tourists. Ranar da ɗan yayata ya ga rawaya da koren Pillars a allo, tsayawa ya yi yana kallo ya manta da fad ɗin da ke hannunsa, sannan ya ce, "Kawu, ashe mu ma ana iya sa mu a ciki?"

Hawa na uku shi ne ƙira: gina abin da babu shi sam. Abubuwa biyu nake so. Ina so in gina filin wasa na Giginya yadda Basakkwace zai gane shi da kallo ɗaya, ina kuma so a ji sharhin wasa da Hausa a madadin muryar Peter Drury. A bakin wannan hawa nake tsaye.

Abin da ya sa ake tsayawa

Tsakanin hawa na biyu da na uku akwai rami, kuma hanyar da yawancinmu muka bi muka koya ita ce take haƙa shi. Bidiyon koyarwa na YouTube yana nuna maka matakai: latsa nan, kwafo wannan, ajiye a can. Idan ka bi, abu ya yi. Ka bi bidiyo ɗari ka samu nasara ɗari, amma ko sau ɗaya ba a gaya maka dalilin da ya sa matakin ya yi aiki ba. Matuƙar abin da kake so ya yi kama da abin da wani ya riga ya yi, kana tafiya. Ranar da ka so abin da babu bidiyonsa, sai ka tarar hannunka ya ƙware, fahimtarka tana nan inda ta faro. Babu wanda ya yi bidiyon gina Giginya.

Filin wasa a cikin gem siffa ce mai tsawo da faɗi da zurfi, wadda ake ginawa a manhaja irin Blender, sannan a juya ta zuwa tsarin da injin wasan yake karantawa. Injin Fox, wanda Konami ta yi amfani da shi daga PES 2014 zuwa PES 2021, yana da nasa tsarin na siffofi da na hotuna. Kuskuren suna ɗaya a fayil ɗaya ya isa ya sa wasan ya rufe kansa, kuma ba zai gaya maka dalili ba. Sharhi kuma ba doguwar magana ba ce da aka naɗa. Dubban gajerun muryoyi ne, kowace da lambarta, wasan yana zaɓo su gwargwadon abin da ya faru a fili, yana jera su. Wanda zai fassara su dole ya san wace lamba ce ta bugun kusurwa, wace ce ta ƙwallon da ta bugi turke.

Akwai kuma abin da zama a Sakkwato yake ƙarawa. A watannin Afrilu da Mayu zafi yana haura digiri 40, ƙaramar kwamfuta kuma da ta ji wuta sai ta rage gudu da kanta don kada ta ƙone. Aikin da zai ɗauki minti goma ya koma awa. Lantarki ba shi da tabbas. Manyan faci suna kai gigabait masu yawa, kowane gigabait kuɗi ne. Bayanan da tsofaffin masana suka rubuta shekaru goma sha da suka wuce suna nan da Turanci ko Sifaniyanci ko Indonesiyanci, amma da yawa daga fayilolin da suke nuni gare su sun ɓace daga intanet. Wanda ya fi duka nauyi shi ne kaɗaici. Masu buga gem a garin nan ba su ƙirguwa, amma wanda zan nuna wa fayil ya duba ya ce ga inda matsalar take, ban same shi ba tukuna.

Waɗanda suka ƙetare

Tarihin wannan sana'a yana ba da ƙarfin gwiwa. A 1993 kamfanin id Software ya fitar da Doom, ya ware hotuna da taswirorin wasan a fayil dabam da injinsa, abin da ya buɗe wa 'yan wasa ƙofar gina nasu. Counter-Strike faci ne da Minh Le da Jess Cliffe suka yi wa Half-Life a 1999, kamfanin Valve ya saye shi a 2000. Dota ta faro a matsayin taswira cikin Warcraft III. PUBG da matasanmu suke bugawa a waya ta fara fitowa ne a kwamfuta a 2017, tushenta kuwa facin da Brendan Greene ɗan ƙasar Ireland ya riƙa yi wa wasan Arma.

Wanda ya fi kama da mu shi ne Bomba Patch na Brazil. Allan Jefferson, mai shagon gem a garin Mogi Mirim na jihar São Paulo, ya fara shi a 2007 ta hanyar sa ƙungiyoyin Brazil cikin PES na PS2 domin masu zuwa shagonsa. Abin ya bazu a ƙasar har ya zama suna da kowa ya sani, ana sabunta shi da kowane cinikin ɗan wasa, da sharhi cikin harshensu. Shago ne irin na Mabera, na'ura ce irin tamu.

Abin da na lura da shi a labaran nan shi ne babu wanda ya ƙetare shi kaɗai. Le yana ƙira, Cliffe yana kula da jama'ar da suke gwadawa suna kawo ƙorafi. Mai Bomba yana da cikakken shago na masu gwaji kullum. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, a nan ma haka ne.

Darasin tahamisi

Garin nan yana da tsohuwar al'adar gina aiki a kan aikin wani, kuma daga gare ta na fi samun haske. Malaman Sakkwato sun shahara da tahamisi: a ɗauki waƙa mai ɗango biyu-biyu, a ƙara wa kowane baiti ɗango uku ya zama biyar. Waƙar Tabbat Haƙiƙa misali ce da ɗaliban Hausa suka sani: Shehu Usmanu ya yi ta da Fulatanci, Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa, Isan Kware ya yi mata tahamisi. Nesa ba kusa ba tsakanin darajar wannan aiki da wasan ƙwallo a allo, kuma ba ina haɗa su ba ne. Hanyar aikin ce ta ja hankalina. Mai tahamisi ba ya iya ƙara ɗango ɗaya sai ya san karin waƙar da amsa-amonta kamar shi ya yi ta. Idan ya san ma'ana kawai bai san awo ba, ƙarinsa zai fito fili kamar facin jan yadi a farar riga.

Awon wasan bidiyo shi ne tsarin fayilolinsa. Don haka na sauya yadda nake zama gaban kwamfuta. Na ajiye bidiyon koyarwa, na ɗauko filin wasa da wani gwani ya gina, ina warware shi gunduwa-gunduwa, kamar yadda yaron baduku yake kwance tsohuwar jaka ya ga yadda aka bi ɗinkin. Ina canza abu ɗaya tak a kowane gwaji, in rubuta a littafi abin da na canza da abin da ya faru. Ina karanta gajerun umarnin da ake rubuta wa Sider da yaren Lua, layi-layi, har sai na iya faɗin aikin kowane layi da Hausa. Maimakon Giginya gaba ɗaya, rumfar 'yan kallo guda nake ginawa a Blender. Maimakon dukkan sharhi, muryoyi ashirin na ware, na cin ƙwallo da na bugun fanareti.

Wannan hanya ta haifar da abu ɗaya da zan iya nunawa. Sunan da ke bayan riga yana fitowa ne daga wani hoto da aka jera haruffa a cikinsa, kowane harafi da gurbinsa, kuma babu gurbin Ɗ ko Ƙ ko Ɓ. Shi ya sa Ɗanladi yake fitowa Danladi. Da na fahimci cewa wasan gurbi yake nema, bai damu da abin da aka zana a ciki ba, sai na tuna cewa Hausa ba ta amfani da Q da V da X. Na zana Ƙ a gurbin Q, Ɗ a gurbin X, Ɓ a gurbin V. Idan na rubuta Xanladi a wurin sunan riga, Ɗanladi ne yake bayyana a bayan ɗan wasan, da lanƙwasarsa. Ƙaramin abu ne, amma shi ne na farko cikin shekara shida da ban kwafo daga bidiyon kowa ba.

Ƙofar da take rufuwa

Akwai dalilin gaggawa. A 2021 Konami ta sauya sunan wasan zuwa eFootball, ta koma injin Unreal, ta mayar da shi wasan da ya dogara da intanet. Wasan da yake zaune a kan na'urorin kamfani ba ya buɗuwa yadda na faifai yake buɗuwa, shi ya sa masu faci da yawa suka tsaya a PES 2021 suna ci gaba da sabunta shi. Ilimin da na ɗauki shekaru ina tarawa na wani tsohon gida ne. Amma Blender da Lua da sanin yadda ake karanta fayil ba na Konami ba ne, suna aiki a duk inda ake ƙera wasa. Akwai kuma batun haƙƙi: wasan na mai shi ne, tambarin ƙungiya na ƙungiya ne, don haka ba na sayar da abin da na yi, kuma duk wanda na ɗauki aikinsa ina ambaton sunansa.

Wani abokin aikina ya tambaye ni ko magidanci mai shekara talatin da wani abu ba shi da abin yi ne da ya wuce rigar 'yan gem. Tambayar tana da hujja. Amsata ita ce yaranmu suna kwashe sa'o'i a cikin waɗannan wasanni, kuma a cikinsu babu garinsu, babu harshensu, har sunayensu ba sa rubutuwa daidai. Mun ga yadda fassarar finafinan Indiya zuwa Hausa ta zama sana'a mai ciyar da gidaje a Kano. Ban ga abin da zai hana gem bin wannan hanya ba, in an samu masu sanin awonsa.

Littafin gwaje-gwajena ya kusa cika rabi, kuma da Hausa nake rubuta shi, domin wanda zai zo bayana kada ya faro daga inda na faro. Rumfar Giginya tana nan a Blender, rufinta bai zauna ba tukuna. Abin da nake nema yanzu mutum biyu ne ko uku a Sakkwato: mai hannun zane, mai muryar sharhi, da mai haƙurin karanta fayil, mu riƙa zama ranar Asabar in an kawo wuta.