Motar Baba

Shekara shida Opel Kadett ɗin marigayi Baba tana jibge a lungunmu na Nima, kaji na ƙwai a kujerar baya. Da ƙanena, wanda makanike ne, ya fara zancen bin hanyar Agadez zuwa Libiya, sai na ce masa, "Tayar mana da motar Baba tukuna." Allah Ya sani ba motar ce ta dame ni ba.

Albashina bai isa sabon kaya ba. Tsohon inji muka sayo a Abossey Okai bayan cinikin kwana uku. Ƙofofi biyu kuma daga 'yan gwangwan na Agbogbloshie, kafin a rushe wurin a 2021, ɗaya ja, ɗaya ruwan toka. Salansa shi ya yanka bututu ya yi mata walda, shi ya sa ƙararta ke riga ta isa Maamobi. Duk wata sai in ce kuɗin wani abu bai samu ba, don aikin ya ja. Ya gane, bai tanka ba.

Ranar da ta tashi, Hajiya ta fito ta shige gaba, inda ta saba zama. Yanzu giya ta uku ce ba ta shiga. Na ce masa sai ƙarshen wata.