Kiwon Tsufa: Kazar Kafur da Kazar Ingila

A yankin noma na kudancin jihar Katsina, wanda ya haɗa Kafur da Malumfashi da Funtuwa, dabbar da magidanci ke riƙewa tana sauyawa ne gwargwadon ƙarfin jikinsa. Lokacin da yake ji da ƙarfi yakan riƙe shanun huɗa, wato bijimai biyu da ake ɗaura wa garma, waɗanda ke buƙatar yankan ciyawa da damina, da tanadin harawa da karmami domin rani, ga kuma gadin dare tun da satar shanu ta addabi yankin. Idan shekaru suka ja, sai ya miƙa shanun ga 'ya'yansa ya koma kiwon turke, ma'ana ɗaure rago ɗaya ko biyu a cikin gida ana ba su dusa har zuwa Babbar Sallah. Daga nan sai kaji da zabi, kiwon da tsofaffin mata suka fi kowa ƙwarewa a kansa.

A Ingila ma tsofaffi suna karkata ga kaza, amma dalilinsu daban ne. Dattijo a can yakan bar babban kare saboda fita da shi yawo kullum ya fi ƙarfinsa, ya nemi abin da zai kula da shi a bayan gida. Ƙungiyar British Hen Welfare Trust, wadda aka kafa a 2005, tana karɓo kajin gidajen gona da ƙwansu ya ragu kafin a kai su mayanka, tana raba su ga masu so, kuma a 2024 adadin da ta raba ya kai miliyan ɗaya. A garin Gateshead kuwa, shirin HenPower ya shigar da kaji gidajen kula da tsofaffi, domin wanda kaɗaici ya dame shi ya sami abin da zai tashe shi da safe. Irin waɗannan kaji akan raɗa masu suna, kuma akasari ba a yanka su.

Tsohuwar Kafur ba ta rasa abokan hira, tun da jikoki ne ke buɗe mata akurki, wato ɗan ɗakin da kaji ke kwana. Abin da take tsoro shi ne ta wayi gari ba ta da abin hannunta, ta riƙa jiran 'ya'ya a kan kuɗin sabulu da goro da gudummawar biki. Kaza ce ke rufa mata asiri: da ɗan tsaki da dusa za ta rayu, ta yi kwanci na kwana 21 ta ƙyanƙyashe, har a sa mata ƙwan zabi ta rene su, idan baƙo ya zo a yanka ɗaya, idan ciwo ya taso a aiki yaro kasuwa da zakara. Wannan fahimta ta fi ta Ingila cika, domin tana kiyaye wa tsoho mutuncinsa na mai bayarwa, ba na mai karɓa kaɗai ba.

Inda Ingila ta yi zarra shi ne lafiyar tsuntsayen, domin tun daga 1 ga Oktoban 2024 doka ta wajabta wa mai ko da kaza ɗaya ya yi rajista da hukuma, saboda a iya gargaɗinsa idan murar tsuntsaye ta ɓulla. A ƙauyukan Kafur kuwa, annobar da likitocin dabbobi ke kira Newcastle takan zo da hunturu ta share akurki cikin 'yan kwanaki, alhali cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom a jihar Filato tana sarrafa rigakafinta. Ya kamata 'ya'yan da suka karɓi shanun iyayensu, tare da malaman dabbobi na ƙaramar hukuma, su tabbatar an yi wa kajin tsofaffi wannan rigakafi kafin sanyi ya shigo.