Kafin A Tsoma Buroshi A Cikin Fenti

A garuruwanmu, da zarar an kawar da amfanin gona ko Sallah ta matso, sai ka fara ganin bokitan fenti ɗaure a bayan babura ana shigowa da su daga Jega. Yawancinmu ɗalibai mun ɗauka fenti aikin yini guda ne: a sayo, a sirka da ruwa, a shafa. Shi ya sa ba a rasa ɗakin da aka yi wa fenti ana gobe Sallah, amma kafin damina ta fita ya soma ɓarewa kamar ɓawon rogo. Ba a kuma rasa ɗakin da bango uku suka sha fenti, na huɗu yana jiran kaka mai zuwa saboda kuɗi sun ƙare. Mu a gidanmu da ke Andarai, cikin ƙaramar hukumar Maiyama, mun yi wa ɗakuna biyu fenti da hannunmu a hutun Disamba. Abin da muka gani, wanda muke so ƙannenmu su sani, shi ne shafawar ita ce mafi ƙanƙanta a cikin aikin. Mafi yawansa da tambaya da tef ɗin awo da biro ake gama shi.

Dalilin aikin shi ne Yayarmu da ke aure a Birnin Kebbi za ta zo gida haihuwar fari, kamar yadda aka saba. A ɗakin Inna za ta zauna, a nan jariri zai kwana, a nan kuma 'yan barka za su riƙa cika har a yi arba'in. Ɗakin kuwa hayaƙin garwashi na shekaru ya dafar da shi, ga tsaga ta sauko daga kusurwar taga. Baba ya sayar da buhunan shinkafa ya ware abin da zai iya, ya ce iyakarsu ke nan, ba ƙari. Kuɗin ba za su ɗauki nauyin kaya da ladan mai fenti gaba ɗaya ba. Mu huɗu ne muka tasa a gidan: biyu suna sakandare, ɗaya yana koyon walda, ɗaya yana jami'a a Aliero. Sai muka ce a bar mana aikin hannu, kuɗin su tafi a kan kaya. Da Kaka ta ji labari, ta ce ita ma ɗakinta ba a bayan gari yake ba.

Abu na farko da muka yi shi ne zama da masu ɗakunan. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma a wurinmu maganar ba karin magana ba ce kawai. Inna ta nuna mana daidai inda ruwa ke ɗiga duk damina, saitin wata ƙusa da ta saki a kwanon rufi, ta kuma nuna gindin bangon da ke jiƙewa yana fitar da wani fari-fari kamar gishiri. A watan Disamba duk wuraren nan sun bushe ƙayau, baƙo ba zai taɓa gane su ba. Fenti kuwa ba ya zama a kan danshi. Ruwan da ke cikin bango yana neman hanyar fita, idan ya tarar da fenti sai ya kumbura shi ya ɓare. Saboda haka tun a Nuwamba waɗanda ke gida cikinmu suka toshe yoyon rufi, suka tara ƙasa a bayan ɗakin don ruwa ya daina kwanciya a gindinsa, suka buɗe tsagar suka cike ta da siminti. Wani dattijo mai fenti a unguwarmu ya ce mana: “Samari, ku bar sabon siminti ya yi wata guda kafin ku taɓa shi.” Ashe haka yake a ilmin gini ma: kwana 28 ake lissafa wa siminti kafin a ce ya yi ƙarfi, kuma ɗanyensa yana da kaifi irin na toka wanda ke cinye launi.

Sai batun launi, inda ra'ayi ya rabu. Wasunmu sun so shuɗi mai duhu irin wanda ake gani a hotunan ɗakuna a waya, wasu sun so kore. Inna ta saurare mu tsaf, sannan ta ce: “Ɗakin ga ni ka kwana cikinai. Ku sa mini ruwan madara, in ga allura in ta faɗi.” Da muka duba, sai muka ga littafin kimiyyarmu yana bayanta. Bango mai haske yana mayar da mafi yawan hasken da ya faɗa masa, mai duhu kuwa shanye shi yake yi. Ɗakin Inna taga ɗaya gare shi, da dare kuma ƙwan sola ɗaya ne. Ɗakunan da ke cikin hotunan nan manyan tagogi gare su da fitilu barkatai. Ban da haka, a kan bango mai haske an fi saurin ganin sauro ko kunama, abin da ke da muhimmanci a ɗakin da jariri zai kwana. Ga kuma jeren Inna na kwanuka da tasoshi masu ja da shuɗi, wanda bango mai duhu zai dusashe shi. Duk mai neman wurin karatun dare a gida ya riƙe wannan: launin bango yana iya ƙara wa fitilarka ƙarfi ba tare da ka sayi wata ba.

Daga nan muka ɗauko tef. Ɗakin Inna irin wanda magina ke kira sha biyu sha biyu ne, wato kimanin mita 3.6 kowane gefe, tsayinsa mita 3. Kewayensa mita 14.4 ke nan, idan aka ninka da 3 ya ba da murabba'in mita 43.2. Ƙofa faɗinta 0.9, tsayinta 2.1, ta ci 1.89. Taga 1.2 da 1.2, ta ci 1.44. Da muka cire su, abin da ya rage bai kai 40 cif ba, sai muka cike shi 40. Ana shafa fenti sau biyu kafin ya rufe, ya zama 80. A jikin fentin da muka zaɓa an rubuta cewa lita ɗaya tana rufe kimanin murabba'in mita 10, don haka lita 8 muke bukata, galan biyu mai lita huɗu-huɗu. Muka ƙara galan ɗaya saboda silin da kuma wuraren sabon siminti, waɗanda ke shan fenti kamar yashi. Lissafin fili ne na ajin ƙaramar sakandare, wanda wasu ke tambayar ina amfaninsa. Amfaninsa a gidanmu shi ne ba mu sayi babban bokiti mai lita 20 ba. Rarar ta isa sayen rola da buroshi da samfefa, har da kayan ɗakin Kaka.

A kasuwar Jega muka yi sayayya, kuma a nan ne muka fi yin taka-tsantsan. Fenti iri biyu aka fi sani. Akwai na ruwa, wanda ake sirkawa da ruwa, yana saurin bushewa kuma warinsa kaɗan ne. Akwai na mai, mai ƙyalli, wanda ake iya gogewa da tsumma, irin wanda kuke gani a rabin ƙasa na bangon aji. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne wasu fentin mai, musamman masu launin rawaya da ja da ruwan lemo, ana sa musu dalma. Idan fentin ya tsufa yana marmashewa, yaro mai rarrafe ya taɓa ya kai hannu baki, dalmar ta shiga jininsa ta taɓa ƙwaƙwalwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma da aka san ba ya cutarwa, kuma iyakar da ake ba ƙasashe shawara a kan fenti ita ce kashi 90 cikin miliyan. Amurka ta hana amfani da irin wannan fenti a gidaje tun 1978. Mu nan ba baƙin sunan dalma ba ne, domin a 2010 gubarta ta kashe yara fiye da 400 a maƙwabciyarmu Zamfara, a yankunan Anka da Bukkuyum. Can daga duwatsun zinare da ake niƙawa a cikin gidaje ta fito, amma ƙarfen ɗaya ne. Don haka muka yanke cewa bangon ɗakin jariri fentin ruwa zalla za a sa masa. Ɗan na mai da muka saya domin ƙofar ƙarfe, sai da muka karanta jikin gwangwanin muka ga an rubuta babu dalma.

Ɗakin Kaka na ƙasa ne, kuma shi ya koya mana cewa kowane bango da abin da yake karɓa. Bangon ƙasa yana shan danshi yana fitarwa, idan aka rufe shi da fentin mai sai danshin ya maƙale, yaɓen ya zubo tare da fentin. Kaka ta ce: “Ku nemo mini farar ƙasa, ita na sani.” Farar ƙasa akwai wadda ake haƙowa a jiƙa, akwai kuma wadda ake samu ta hanyar gasa dutsen nan irin wanda ake haƙa a Kalambaina kusa da Sakkwato ana yin siminti. Ita ta biyun idan an kwaɓa ta da ruwa an shafa, sai ta riƙa zuƙar iskar nan da muke fitarwa wajen numfashi, a hankali ta koma dutsen da take tun asali. Shi ya sa take fita launin toka-toka tana ɗanya, washegari a tarar ta yi fari fat. Tana da arha, tana barin bango ya sha iska, sai dai tana cin fata da ido, dole a rufe hannu a kuma kiyaye fuska. Muna aiki Kaka tana ba mu labarin yadda a zamaninsu mata kan taru su yi wa ɗakin amarya daɓe da madaɓi, su yayyafa masa ruwan makuba da ake samu daga kwasfar ɗorawa ko ruwan bagaruwa, har ya yi santsi yana ɗaukar ido. Muka fahimci cewa gyaran cikin ɗaki tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa, kuma iyayenmu mata ne suka daɗe suna riƙe da ita.

Ranar aiki kowa ya san nasa, tun da hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Muka fitar da kaya tsakar gida, muka shimfiɗa tsofaffin buhuna a ƙasa. Tsohon fentin da ya ɗago mun jiƙa shi kafin mu kankare, don kada ya tashi ya zama ƙura, muka ɗaure hanci, muka kuma hana ƙananan yara shigowa. Muka wanke baƙin hayaƙi da ruwan sabulu muka bari ya bushe. Da yake lokacin hunturu ne, mun riƙa yayyafa ruwa a ƙofar ɗaki, muna farawa da sassafe kafin iska ta taso da ƙura ta manne a ɗanyen fenti. Daga sama muka fara: silin tukuna, sannan bango, ƙofa da taga a ƙarshe, don abin da ya ɗiga ya faɗa inda ba a riga an gama ba. Mai buroshi yana bin kusurwoyi, mai rola yana biye da shi kafin wurin ya bushe. Ruwan sirki kuwa ba mu wuce abin da aka rubuta ba. Wanda ya cika wa fenti ruwa don ya yi auki, bayan 'yan watanni zai ga yana bin rigar duk wanda ya jingina. Araha ba ta ado.

Shafawar duka kwana uku ta ɗauke mu, shirin kuwa ya fi wata. Mun gama saura mako uku Yaya ta iso, muka bar ƙofa da taga a buɗe har wari ya fita sarai. Kuɗin Baba sun isa, har da ɗan canji da muka mayar masa, ga kuma rabin galan da muka rufe da kyau muka ajiye a inuwa saboda gyaran gaba.

'Yan uwa ɗalibai, ba sai an ba ku kuɗin fenti za ku fara ba. A hutun nan ku ari tef a wurin tela ko magini, ku auna ɗakin da kuke kwana, ku fitar da faɗin bangonsa, ku cire ƙofa da taga. Ku tambayi mahaifiyarku inda ke yoyo da damina, ku rubuta. Ku lura da inda rana ke shigowa da safe da inda ke da duhu da yamma. Idan kun shiga kasuwa ku karanta abin da ke jikin bokitin fenti, ko da ba saye za ku yi ba. Ranar da aka ce za a gyara ɗaki a gidanku, ku ne za ku faɗi galan nawa za a sayo, da irin da ya dace da bangon, da wanda bai kamata ya kusanci ƙannenku ba. Allah Ya ba mu ilmi mai amfani.